Filin Tawada da Takarda: Shuɗin waya daban, shuɗin kati daban

Assalamu alaikum masu karatu. An sha ruwa, an yi Sallah, bukukuwa sun kankama, injinan bugu a Sakkwato ba su hutawa sai in an ɗauke wuta. Wasiƙun da suka taru a wannan karo kusan duk kuka ɗaya suke yi, kukan launi, don haka na jera su wuri guda.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ƙanena ya zana min katin gayyatar auren ɗiyata ga kwamfuta, ya aiko min ga waya. Shuɗi na mai kyau, irin na ankon da munka fitar. Da anka bugo kati 500 sai ga shi ya koma shunayya mai duhu, kamar ba shi ba. Mai bugu yac ce abin da anka ba shi shi yab buga, ƙanena ko yac ce injinsu na yat tsufa. To wa ad da gaskiya? — Wata uwar amarya, Mabera.

AMSA: Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya ba yaran zaman lafiya. Kafin in raba gardama, bari dare ya yi, ki kashe fitilar ɗaki, ki riƙe waya a hannu ɗaya, katin a ɗaya hannun. Wanda ke cikin waya za ki gan shi tar, wanda ke hannunki kuwa sai kin laluba. Fuskar waya da kanta take fitar da haske. Takarda ba ta da nata, wanda ya sauka a kanta take mayarwa, shi ma bayan tawada ta shanye kasonta.

Fuskar waya da ta kwamfuta da ta talabijin cike suke da 'yan mitsi-mitsin ɗigon haske, uku-uku: ja, kore, shuɗi. Shi ne tsarin da ake kira RGB. Kowane ɗigo yana da mataki daga 0 zuwa 255. In an kashe duka ukun a ga baƙi, in an ƙure su duka a ga fari, a tsakani kuwa launi ya haura miliyan 16. Injin bugu tawada huɗu yake aiki da su: sayan, shuɗin nan mai haske kamar ruwan bula, majenta, ja mai ɗaukar ruwan hoda, sai rawaya da baƙi. Wannan shi ne CMYK, kuma kowace tawada daga 0 zuwa 100 ake auna ta. A nan lissafin ya juya. Inda ba a sa komai ba shi ne fari, wato takardar ce kanta, kuma duk tawadar da aka ƙara duhu take ƙarawa. Wanda ya taɓa tsayawa a marina ya ga haka da idonsa: farin ƙyalle ake tsomawa a baba, kowane tsomi duhu yake ƙara masa, babu tsomin da zai fito da shi ya fi yadda ya shiga haske, kuma rini ɗaya in ya hau shadda daban yake fita, in ya hau akoko daban.

Saboda haka akwai launukan da haske ke yi cikin sauƙi, tawada huɗun nan ba su kai wurin ba ko da wane inji aka sa: kore mai tsanwa, ruwan lemo mai ƙuna, ruwan hoda mai ɗaukar ido, sai kuma babbansu a fitina, shuɗi mai walƙiya irin wanda ƙanenki ya zaɓa. A cikin tawada huɗun babu shuɗi irin wannan. Sai an ɗora majenta a kan sayan ake samun mai kama da shi, kuma a nan ake yin ɓari. Cikakken shuɗin kwamfuta, wato ja 0, kore 0, shuɗi 255, in aka bar Photoshop, manhajar zane ta kwamfuta, ya juya shi zuwa CMYK da saitin da ya zo da shi, yakan ba da sayan 88 da majenta 77. Shuɗin da ke jerin launukan manhajar CorelDRAW kuwa, wanda yara ke dannawa ba su duba ba, sayan 100 ne majenta 100. A kwamfuta ido zai rantse shuɗi ne. A takarda majenta ce ke rinjaye, balle in mai inji ya ɗan sake mata hannu, sai ki ga shunayya.

Ƙa'idar da nake koya wa yaran shagona ita ce sayan ya fi majenta da aƙalla 30. Sayan 100 da majenta 70 zai ba da shuɗi mai cika. Sayan 100 da majenta 50 ko 60 zai ba da mai ɗan haske. In ana son mai duhu, irin na rigar 'yan makaranta, baƙi ake ƙarawa, kamar 30 ko 40, ba majenta ba. Duk da haka ba zai yi walƙiyar da kika gani a waya ba, amma dai duk wanda ya karɓi katin zai ce shuɗi ne.

To ga hukuncina. Ƙanenki ya zaɓi launi da ido, bai duba lambobinsa ba, wannan nasa ne, kuma ya daina ɗora wa inji. Tsofaffin injinan Jamus da ke garin nan, irin su Kord da GTO na kamfanin Heidelberg, da yawansu sun girme shi, kuma a hannun gwani suna fitar da aikin da ba za a kushe ba. Shi kuma mai bugu bai fita ba. Wanda ya daɗe a sana'ar nan yana ganin shuɗi irin wannan ya san inda zai ƙare, bai kamata ya zuba kati 500 ba tare da ya fitar da guda ɗaya ya nuna miki ba. Ni dai in aka kawo min ƙarar nan, raba asarar zan yi biyu. In Allah ya kai mu auren ƙanwarta, ki yanko ƙyallen ankon ki kai maɗaba'a da hannunki, ki ce wannan nake so. Ƙyalle da takarda duka hasken waje suke mayarwa, ana iya jera su a gwada. Waya da takarda ba su jeruwa.

TAMBAYA: Baba, ina zana wa ƙungiyoyin ɗalibai fosta da Canva a waya, wani lokaci da Photoshop a kwamfutar abokina. An ce in riƙa juya aikina zuwa CMYK kafin in kai bugu. Yaya ake yi, kuma dole ne? — Wani ɗalibi, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

AMSA: Ɗana, tambayarka ta ƙarshe ita ya kamata ta zo farko. Ba kullum ne dole ba, ya danganta da injin da zai buga. In aikin mai yawa ne, ɗaruruwa ko dubbai, wanda za a fitar masa da faranti huɗu, wato fallen ƙarfe mai ɗauke da zanen, ɗaya ga kowace tawada, a ɗora a babban inji, to nan CMYK ba makawa, kuma gara ka juya da kanka ka ga abin da ya faru da launukanka, da a juya maka a bayan idonka. In 'yan kwafi ne a ƙaramin injin nan da ake kira DI, ko bana ce, wato babban ƙyallen talla, a injin bana, ko hoto a wurin masu wankin hoto, su waɗannan suna da manhajarsu da ke juya launi daidai da tawadarsu. Wasu injinan bana ma tawada shida gare su, suna kaiwa inda faranti huɗu ba su kaiwa. In ka riga ka matse aikinka zuwa CMYK kafin ka kai musu, ka zubar da launin da injin zai iya fitarwa. Don haka kafin ka ja layi ɗaya, je ka tambayi mai bugun wane inji, wace takarda, kuma yaya yake son fayil. Tambayar ba ta cin ko kwabo.

Abu na biyu, CMYK ba ɗaya ba ne. Sayan 100 a takarda mai sheƙi ba shi ne sayan 100 a takardar jarida ba. Shi ya sa manyan kamfanonin wannan harka, irin su Adobe da Apple da Kodak, suka haɗu a 1993 suka kafa ƙungiyar ICC, aka fito da 'yan ƙananan fayiloli, ma'aunan launi, kowanne yana gaya wa kwamfuta yadda wata tawada ke fita a kan wata irin takarda. Wanda Photoshop ya saba zuwa da shi, U.S. Web Coated SWOP v2, na injinan buga mujallu ne a Amurka, masu jan takarda daga naɗi. Mu nan falle-falle muke bugawa, kuma in a takarda mai sheƙi ne, ma'aunin Jamusawa, Coated FOGRA39, ya fi kusa da mu. Kada ka yi mamaki in ka tambayi mai bugu wane ma'auni yake bi ya ce maka kawo kawai. Haka yawancinmu muke a garin nan. In ka ji haka, ɗauki FOGRA39 ka tsaya a kansa, ko ba komai aikinka na yau zai yi kama da na gobe.

A Photoshop, ci gaba da aikinka a RGB, amma ka danna Ctrl da Y. Zai nuna maka kwatankwacin yadda abin zai fita a takarda ba tare da ya taɓa fayil ɗin ba. Ka ƙara Shift a kan waɗannan biyun, duk inda tawada ba za ta kai ba zai shafe shi da ruwan toka. Gyara waɗannan wurare da hannunka, ka rage musu ƙarfi ko ka ɗan karkatar da launin har tokar ta ɓace. In ka gama, ajiye kwafi na daban, sannan ka shiga Edit ka zaɓi Convert to Profile. Nan za a tambaye ka hanyar juyawa. Relative Colorimetric ba ta taɓa launukan da tawada ke iya yi, waɗanda suka fita iyaka kawai take jawowa bakin iyaka, ita nake bi a yawancin aiki, tare da kunna Black Point Compensation don kada duhun hoto ya toshe. Perceptual kuwa duka launukan take matsowa tare don kada tazarar da ke tsakaninsu ta ɓace. Ita ce ta hoton taron biki, inda atamfa da leshi da mayafi kowanne ke ihu da nasa launin. In ka bi ta farkon a irin wannan hoto, ja uku daban-daban suna iya komawa ja ɗaya, ninkin zane ya shafe.

Na ce ka ajiye kwafi domin tafiyar ba ta da dawowa. In ka juya zuwa CMYK ka sake mayarwa RGB, launin da ya tafi ya tafi.

Canva a RGB yake aiki. Wurin saukewa ka zaɓi PDF Print, zaɓin CMYK yana nan amma ga masu biyan kuɗi. Kada ka kai PNG maɗaba'a kana cewa ka juya, wannan nau'in fayil ba ya ɗaukar CMYK sam. PDF da TIFF da JPEG su ke ɗauka. Sannan ka rage hasken fuskar da kake aiki a kai. Ranar Sakkwato ta koya mana ƙure hasken waya, wasu wayoyin kuma da gangan aka saita su su ƙara wa launi gishiri, sun wuce sRGB, ma'aunin da HP da Microsoft suka fitar a 1996 wanda yawancin hotunan intanet ke bi. Wanda ya yi zane a irin wannan fuska, komai aka buga masa zai ce ya yi duhu.

TAMBAYA: Malam, mun buga ɗan littafin walimar saukar karatu. Ƙananan rubutu sun fito dishi-dishi, da ja-ja da shuɗi-shuɗi a gefen haruffa, wasulan Larabci ma wasu ba su karantuwa. Bango kuma baƙi ne, ya shafi bayan 'yan uwansa. — Shugaban wata Islamiyya, Runjin Sambo.

AMSA: Allah ya gafarta Malam, ya sa wa karatun yara albarka. Ciwo biyu ka kawo, amma tushensu ɗaya, baƙin kwamfuta. In aka rubuta da baƙin RGB aka bar Photoshop ya juya shi, ba baƙar tawada kaɗai yake bayarwa ba. Sayan 75 yake sawa, majenta 68, rawaya 67, baƙi 90. Ka ga kowane harafi sau huɗu za a buga shi, ɗaya kan ɗaya. A inji mai kai ɗaya irin Kord, takardar sau huɗu za ta ratsa, ana wanke inji ana sauya faranti a tsakani. Bugun faranti kuma da ruwa ake yin sa, takarda na shan danshi tana ɗan buɗewa, da hunturu kuma ta bushe ta takure kafin a zo zagaye na gaba. Kaucewar da ba ta kai kaurin gashi ba ta isa. A babban harafi ba za a lura ba, amma fataha da kisira da ɗigon ba da ta, abin da bai fi kan allura ba, nan take za su yi inuwa.

Maganin kuwa mai sauƙi ne. Duk rubutun karatu, na boko ko na Larabci, a sa shi baƙi 100, sauran ukun 0. Faranti ɗaya, bugu ɗaya, babu abin da zai kauce wa wani. A rubuta shi a CorelDRAW ko InDesign, inda harafi ke zama harafi, kada a narkar da shi cikin hoto.

Bango kuma, baƙi 100 shi kaɗai in ya rufe fili mai faɗi yakan fito kamar ya koɗe, shi ya sa ake tallafa masa. Sayan 60, majenta 40, rawaya 40, baƙi 100 zai ba ka baƙi ƙirin, jimla 240. Ka riƙa haɗa lambobin huɗu. Takarda mai sheƙi tana ɗaukar kamar 300, farar takarda mara sheƙi gara a tsaya wajen 260 zuwa 280, takardar jarida kamar 240. Akwai wani baƙi da ke sa duka huɗun 100, jimla 400, an yi shi ne don 'yan alamun da mai inji ke daidaita faranti da su a gefen takarda. Wasu masu zane na ganinsa wuluk sai su cika bango da shi. Ba takardar da za ta shanye wannan, sai tawada ta kwanta a sama jiƙe, falle na sauka kan falle, kowanne ya shafa wa na samansa. Ka ce a buɗe fayil ɗin bangon a gabanka a karanta maka lambobin, ina kyautata zaton can za a sami ɓarawon. In kuma za a sa farin rubutu a cikin baƙin bango, a yi shi da kauri, domin siririn fari tsakanin tawada huɗu cikewa yake yi.

TAMBAYA: Yallaɓai, wace lamba ce ke ba da ruwan zinari mai ƙyalli? — Wani mai shagon dizain, Gawon Nama.

AMSA: Babu ita, ƙanena. Ƙyallin zinari na ƙarfe ne, tawada huɗun nan kuwa ba ƙarfe a cikinsu. Sayan 20, majenta 35, rawaya 85 zai ba ka rawaya mai ɗaukar ruwan ƙasa, in ka yi mata haske da inuwa daga nesa ta yaudari ido, iyakarta ke nan. Mai son ƙyalli na gaske sai a manna masa ledar zinari da zafi, ko a sayo tawadar ƙarfe ta musamman a yi mata farantinta, irin Pantone 871. Tsarin Pantone, wanda ya fito a Amurka a 1963, tawada ce da ake haɗawa tun a gwangwani da lambarta, ba a kan takarda ba. Ka gaya wa mai aiki kuɗin tun farko. Haka nan fari: CMYK ba ya buga shi. In katin ruwan madara ne, duk inda ka sa fari ruwan madara zai fito, sauran launukan ma duk za su ɗan ja rawaya.

TAMBAYA: Malam, hotunan da nake ɗauka suna kyau a kyamara, amma in aka sa su a kalanda sai fuskoki su yi duhu, wasu har da kore-kore. Masu biki suna cewa na ɓata su. — Wani mai ɗaukar hoto, Gwadabawa.

AMSA: Malam, sami gilashin ƙara girma ka duba kowace kalanda. Za ka ga hoton duk ɗigo ne. Inji ba ya iya zuba rabin tawada, ko ya sa ko bai sa ba, don haka in ana son 50 sai a yi ɗigogin da za su rufe rabin wurin. To ɗigon nan in ya bi ta faranti da robar da ke ɗauko tawada daga faranti ya sauka a takarda, faɗi yake ƙarawa. Abin da aka rubuta 50 yakan fito kamar 63 zuwa 66 a takarda mai sheƙi, a takardar jarida ya haura 70. Ma'aunin launi ya san da wannan yana kuma ragewa, amma lissafinsa na inji mai sabuwar roba ne da tawada daidai wa daida. In roba ta gaji, ko mai inji ya ƙara tawada don bango ya cika, ɗigo ya wuce lissafi. Fatar Bature tana can wajen haske, ƙarin bai cika yi mata illa ba. Tamu tana tsakiya zuwa duhu, daidai inda ƙarin ya fi yawa, kuma tawada huɗun duk suna cikinta.

Abin da nake yi, kafin in juya hoto nakan ɗaga hasken tsakiyarsa kaɗan, har ya yi kamar ya ɗara yadda nake so. Bayan na juya sai in ɗora alamar linzami a kumatu ko goshi, inda ba ƙyalli ba inuwa, in karanta lambobi. Rawaya ta yi daidai da majenta ko ta ɗan fi ta, sayan kuma ya zauna ƙasa da su sosai. In sayan ya matso kusa da majenta, fuska za ta yi toka-toka ko kore-kore. In majenta ta wuce rawaya, sai ka ga mutum kamar ya sha mari. Kore-koren naka ina zargin fitilun wurin biki, ko rumfa mai koren tanti da ke zuba launinta a kan mutane. Gyara wannan tun hoton yana RGB, da farar riga ko farin rawani a matsayin ma'auni.

A kula, ban ce a mayar da baƙi fari ba. Yanzu an shiga yayin goge fuska da manhajar waya har amarya ta fito ba hanci ba kumatu, danginta na tambayar wace ce. Wankan tarwaɗa ya fito wankan tarwaɗa, baƙi ya fito baƙi mai sheƙi da ake ganin idonsa da murmushinsa, aikin ke nan.

TAMBAYA: Na tura wa mai bugu zane ta WhatsApp, ya fito da gefuna kamar haƙoran zarto, ƙ da ɗ kuma sun koma akwati. — Wata ɗaliba, Arkilla.

AMSA: 'Yata, in kika tura a matsayin hoto, WhatsApp matse shi yake yi ya rage masa ɗigo. Tura shi ta Document, ya isa yadda yake. Abin da za a riƙe a hannu yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato A4 ya zama 2480 a faɗi, 3508 a tsawo. Bana da za a kalla daga tsallaken titi 100 ma ya ishe ta. Ki bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka. Haruffa masu lanƙwasa kuwa, salon rubutun da kika zaɓa ne babu shi a kwamfutar mai bugu, wanda ya maye gurbinsa kuma bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. A CorelDRAW ki zaɓi rubutun duka ki danna Ctrl da Q ya zama zane, ko ki tura PDF. Amma ki karanta sau biyu tukuna, in ya zama zane ba ya gyaruwa.

TAMBAYA: Baba, ni yaron inji ne. Kullum sai mai aiki ya zo ya kara wayarsa kusa da takarda ya ce ba haka ba ne, maigida kuma ya hau ni da faɗa. Ina mafita? — Wani mai koyon bugu, Sakkwato.

AMSA: Ɗana, sannu, wannan faɗan duk wanda ya tsaya bayan inji ya sha shi. Ku sa doka a shagonku cewa ba a tayar da inji sai mai aiki ya ga samfuri a takarda ya sa hannu a bayansa. Samfurin ya kasance a irin takardar da za a yi aikin da ita. In a DI kuka fitar da shi alhali a faranti za a buga, ku faɗa masa ƙarara cewa zai yi kusa ne, ba zai zama ɗaya ba, musamman shuɗi da ruwan lemo. Aiki mai tsada kuwa, a kira shi ya tsaya bakin inji ya ga fallen farko.

Inda ake duba samfurin ma magana ce. Manyan maɗaba'u suna da fitila ta musamman mai ma'aunin Kelbin 5000, kusa da hasken rana. Mu da ba mu da ita, a fita bakin ƙofa, cikin inuwa, da hantsi. Ƙwan fitila mai farin haske shuɗi yake ƙarawa, mai ja-ja rawaya yake ƙarawa, ranar da hazo ya rufe gari kuma komai fari-fari yake. Ka tuna jiƙaƙƙiyar tawada ta fi busasshiya cika, musamman a takarda mara sheƙi, don haka a ba fallen ɗan lokaci. In za a rufe aikin da leda, mai sheƙi ƙara wa launi zurfi take yi, mara sheƙi kuma kwantar da shi, sai a nuna samfurin da ledarsa.

Sannan ka roƙi maigida ya ba ka faranti huɗu da 'yan fallaye, ranar da aiki ya yi sauƙi. Zana 'yan murabba'ai, shuɗi iri-iri, kore iri-iri har da na tutar Nijeriya da ake yawan nema, ja, ruwan goro, ruwan ƙasa, launukan fata, kowanne ka rubuta lambobinsa huɗu a ƙasansa. Buga su a injinku, da tawadarku, a takarda mai sheƙi da mara sheƙi da kati. Duk wanda ya zo da waya, miƙa masa wannan ya nuna da yatsa, kai kuma ka kwafi lambar ka ba mai zane. Kada ka manna shi a bango inda rana ke bugu, rawaya da majenta su ke fara koɗewa. Sa shi a ambulan cikin aljihun tebur, ka rubuta ranar da aka buga da sunan tawadar, in kun sauya tawada ko kun sa sabuwar roba ka sake buga wani.